Yadda aka kafa dangin Taktu a tsibirin ƙanƙara

Akwai wani mutum mai suna Taktu a wani ƙauyen ƙabilar Inuwit da ke bakin teku, can ƙasar ƙanƙara. Shi kaɗai ne yake jin yaren ma'aikatan gwamnati, don haka suka ɗauke shi tafinta, suka ba shi hula da rigar ɗan sanda wadda ta yi masa yawa. Tun daga ranar kansa ya kumbura. Mutanen da jiya yake cin ɗanyen kifi da su, yau sai ya ce hannunsu na ƙarni.

A lokacin ƙasashe sun sa juna gaba a kan tsibiran da ke can ƙarshen arewa. Kowace tana cewa nata ne, don ana jin akwai mai da ma'adinai a ƙarƙashi. Gwamnati ta ga tuta kaɗai ba ta isa hujja ba. So take ta nuna wa duniya cewa ga 'yan ƙasarta nan zaune a wurin.

Sai wani jami'i ya zo da jirgin ruwa, ya tara mutane. Abin da ya faɗa shi ne wataƙila akwai namun daji a can. Taktu ya juya ya ce, "Ya ce akwai barewa har sai kun gaji da harbi. Shekara biyu kawai, wanda bai ji daɗi ba a dawo da shi gida."

Yayarsa Nuvija ta dube shi. "Taktu, ka taɓa taka wurin nan da ƙafarka?"

"Haba Yaya, ke ban da ɗinkin fata me kika sani? Gwamnati ce fa ke magana."

Ya san ƙarya yake yi. Ai da kunnensa ya ji jami'in na gaya wa abokinsa dalilin tafiyar. Amma yana son a ce shi ya shawo kan jama'a. Gidaje kaɗan suka yarda, har da na Nuvija da mijinta Ittuk. Shi kuwa Taktu ya bar matarsa Akpik da tsohon ciki, ya ce mata rakiya kawai zai yi, zai dawo kafin teku ta daskare.

Da aka sauke su, ba ciyawa, ba sawun barewa, sai tsakuwa da iska. Ma'aikata suka kafa tuta, suka jibge tantuna a ƙasa. Taktu ya ɗaga ƙafa zai shiga kwalekwalen da zai kai shi jirgi, jami'in ya tare shi da hannu.

"Ina zuwa? Kai ma a nan kake. Wa zai riƙa gaya musu doka?"

"Yallaɓai, matata ta kusa haihuwa!"

"Mata na haihuwa kullum," in ji jami'in, ya shige abinsa.

Wallahi duk wanda ya san sanyin wurin nan sai ransa ya ɓaci. Rana ta faɗi ta yi watanni ba ta fito ba. Tanti ba ya tare komai. Shanun dawa kaɗan da ke tsibirin kuma doka ta hana taɓa su, Taktu ne ma aka bar wa faɗar dokar. Yunwa ta shiga, tari ya biyo baya. Autar Nuvija ta rasu a cikin rigar uwarta, aka rufe ta da duwatsu don ƙasa ta ƙi haƙuwa.

Bayan haka Ittuk ya yi ta tsayuwa a bakin ramin ƙanƙara yana dakon nama, har Allah ya ba shi wata dabbar ruwa mai kama da ayu. A al'adarsu, in nama ya shigo, kowane gida na da rabo. Amma mutane suka ce kada a ba Taktu ko ƙashi, ya je ya ci hularsa.

Nuvija ta yanki tsoka da kitse, ta je ta wurga masa a cikin tanti.

"Ɗauki ka ci, maƙaryaci. Kada ka ɗauka na yafe. Ba mu taɓa cin abinci alhali mutum na mutuwa da yunwa a gefenmu ba, kuma ba a kanka za mu lalace ba."

Taktu ya ci yana kuka, ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

Da shekara biyun ta cika, jirgi ya dawo. Mutane suka ɗaure kayansu, suka yi dafifi a bakin ruwa. Abin da jami'in ya sauko da shi kuwa sabuwar tuta ce da mai ɗaukar hoto. Ya ja Taktu gefe.

"Na biyo ta ƙauyenku. Namiji matarka ta haifa, har yana tafiya. Ka ce wa mutanen nan sai baɗi. Su kwance kaya, su tsaya a gindin tuta su yi murmushi. In ka yi haka, akwai wurin mutum ɗaya a jirgi."

"Baɗin da gaske ne, yallaɓai?"

Jami'in ya yi dariya. "In suka tafi, maƙwabta su ce tsibirin ba mai shi? Ba baɗi ba, ba baɗin baɗaɗa ba."

Kalma ɗaya ce tsakanin Taktu da ɗansa. Babu wanda zai gane, don babu mai jin yaren sai shi. Ya juya ya ga Nuvija zaune a kan ƙunshin kayanta, ta rame har ƙashin wuya ya fito, tana jiran abin da zai ce.

"Jama'a," in ji Taktu, "ba za a mayar da kowa ba. Ba farauta aka kawo mu ba. An kafa mu ne a nan kamar yadda aka kafa sandar tutar can, don kada wata ƙasa ta ɗauke wurin. Na sani tun farko, na ɓoye muku."

Wuri ya kaure da ihu da zagi. Nuvija ta miƙe, ta tofa yawu a gaban takalmin jami'in, ta juya wa mai hoto baya. Kowa ya bi ta, manya da yara. Jami'in bai buƙaci tafinta ba. Ya dubi Taktu ya ce, "Ka riga ka zaɓa."

Jirgi ya tashi ba da shi ba. Sai da yaron nan ya girma, ya fara farauta da kansa, sannan ubansa ya ga fuskarsa.

Darasi: Kada ka yarda a yi amfani da bakinka a cuci 'yan uwanka don kana son manya su yaba maka. Wanda ya ga danginka ba su fi sanda ba, kai ma haka yake ganinka, kuma gaskiyar da ka ƙi faɗa da wuri tsadarta ƙaruwa take yi. Ku tura wa wasu, musamman masu shiga tsakanin hukuma da talakawa.