Gansakukar da Ta Ƙi Jin Wanki

Akwai wata mata, 'ya'yana, da ta yi shekara ashirin da shida tana wankin zannuwan gado a asibiti. Har ta ajiye aiki ba a taɓa dawo mata da zani an ce da sauran tabo ba. Inna Mai Wanki kowa yake ce mata. In ta shigo gidanki, kafin ta amsa gaisuwa ta riga ta hango inda ba ki share ba.

Mijinta tsohon direba ne. Da ya bar tuƙi sai ya sayo akwatin gilashi ya ajiye a falo, ya zuba yashi, ya jera duwatsu, ya dasa ciyayin ruwa, ya haɗa fitila da bututun da ke hura iska a ruwan, ya saka ƙananan kifaye bakwai masu jan wutsiya da 'yan dodon koɗi biyu. Na kallo ne, ba na ci ba. Inna kan ce, "Malam, kifin da ba ya shiga tukunya ai ɗan zaman kashe wando ne." Shi dai sai murmushi.

Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma ɗaya-ɗaya. Likita ya ce in ya koma gida a samar masa abin da zai riƙa kallo hankalinsa ya kwanta, don shi ne rabin maganin. Kowa a gidan ya san abin da zai kalla.

Ba za a ce Inna ba ta yi ƙoƙari ba. Kullum tana asibiti, in ta dawo tana gaban akwati. Ta ɗage labulen da Malam yake bari a sake, wai su sha hantsi. Fitilar akwatin ba ta ƙara hutawa ba. Abinci kuwa sau uku a rana, kamar ta yi baƙi.

A sati na uku abin ya fito.

Gansakuka ce, amma ba koriyar nan ta bakin rijiya ba. Baƙa ce, mai gashi-gashi, ta jeru a gefen ganye kamar gemun bunsuru. In ruwa ya motsa sai ta yi ta kaɗawa a hankali, sai ka ce tana numfashi.

Inna ta murje ta da yatsa, ta ƙi. Ta sa tsohon buroshin haƙori, ganyen ya yage, gashin na nan. Bayan kwana huɗu gansakukar ta hau duwatsu, ta kama bututun iska.

Matar ɗanta, wadda ke zaune tare da su, ta sha riƙe wa Malam bokiti in yana canja ruwa. Ta tsaya daga baya ta ce, "Mama, ina ganin haske ne ya yi yawa, da abincin. Da za a yanke ganyayen da ta cinye, a lulluɓe akwatin da bargo kwana uku, a riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan ana ƙara sabo..."

"Bargo? Datti za ki lulluɓe da bargo? A gidanku haka ake yi?"

"A'a Mama. Duhu ne ba ta so. Amma kafin ta ƙare duka sai an yi sati biyu ko uku."

"Ke 'yar nan, jibi fa za a sallamo shi. Mutum ya dawo daga bakin kabari ya tarar da wannan ƙazanta, a ce ni ce a gidan?"

Yarinyar ta ce, "Akwai wata dabara ta Baba. Yakan cire ciyawar, ya tsoma ta a bokitin ruwa mai ɗigon bilic, ya ƙirga ɗari, ya ɗauraye ta sosai, ta kwana a wani ruwan kafin ya mayar. Amma a waje fa, Mama. Ko warinsa ba ya bari ya je kusa da kifin."

Inna ba ta ji komai ba sai kalma ɗaya. Bilic. Ai wannan ruwan cire tabon zani tsohon abokin aikinta ne.

"Ni za ki koya wa bilic? Tun ba a yaye ki ba nake auna shi."

Washegari da hantsi yarinyar ta tafi kai abinci asibiti. Inna ta tsaya ta kalli akwatin. A tumɓuke ciyayi, a dagula yashi, duk don me? Ta san ma'auninta: murfi ɗaya a babban baho. Wannan akwatin ya fi baho biyu. Har rangwame ta yi wa kifayen, murfi ɗaya tak ta zuba.

Ta ja kujera ta zauna.

Kamar wasa, baƙin gashin ya fara yin toka-toka. Inna ta tafa hannu. "Shegiya, kin haɗu da uwarki yau."

Sai ta ji ƙas. Ɗan dodon koɗin da ke lasar gilashi ne ya saki, ya faɗo kan dutse. Na biyu ya bi shi. Falon ya ɗauki wani wari da ta sani sarai, warin ɗakin da aka fitar da gawa aka wanke.

Kifayen suka taso sama gaba ɗaya, suna buɗe baki suna rufewa. Babbansu ya yi wata irin zabura, ya bugi gilashi, ya juya cikinsa sama.

"Innalillahi!"

Ta rarumo kofi tana kwaso su tana jefawa a bokiti, zaninta sharkaf. A haka matar ɗanta ta tarar da ita. Yarinyar ta durƙusa suka yi ta canja ruwa tare. Kafin la'asar bakwai ɗin nan suna jere a kan tire, ba mai motsi.

Da aka shigo da Malam a keken guragu, bai kalli kowa ba. Ya nuna falo da haɓa. Ɗansa ya tura shi har gaban akwatin.

Ruwa garau. Ganyaye fari fat kamar takarda. Ba abin da ke motsi sai kumfar iska.

Ɗan ya juyo. "Ina kifayen?"

Yarinyar ta yi sauri ta ce, "Wataƙila ruwan famfo ne ya..."

"Kar ki yi ƙarya saboda ni," in ji Inna. Ta durƙusa a gefen keken, gwiwarta na ƙara. "Ni ce, Malam. Gansakuka ta fito, na ji kunya ka gani. An faɗa mini yadda ake yi, na ƙi ji."

Ya daɗe yana kallon gilashin. Bakinsa ya yi ta kokawa da magana, har miyau ya zubo. Ta kai gefen gyale za ta goge masa, ya kawar da kai.

"Kullum... kina... gefena," ya ce. "Da kin... tambaye ni."

Sannan ya yi wa ɗansa alama a kai shi ɗaki. Ya yi wata biyar a duniya bayan nan, bai ƙara yarda an zaunar da shi a falon ba.

Darasi: Iya aiki ɗaya ba shi ne iya komai ba. Abin da ke fitar da tabo a zani yana iya fitar da rai. In an bar muku amanar abin da ba ku sani ba, ku sauke girman kai ku tambaya, ko da wanda kuka girma ne, kuma kar gudun kunya ya sa ku gaggawa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu cewa ba a koya musu.