Layin Gawayi a Cikin Rumbu

Akwai wani mutum manomi, yana zaune a wani ƙauye a gindin dutse tare da matarsa da 'ya'yansu uku da tsohuwar uwarsa, wadda kowa yake kira Iya. Mutumin ba rago ba ne, ba mashayi ba ne, ranar Lahadi kuma yana cikin na farkon shiga majami'a. Aibinsa ɗaya ne, bai taɓa gaya wa matarsa abin da yake da shi ba. In ya sayar da akuya, sai dai ta ga babu akuya. Ita ma ta koyi halin. Kuɗin daddawar da take sayarwa a bakin zanenta suke kwana, bai san ko nawa ba ne. Suna kiran juna Baban Keziya da Maman Keziya, da sunan 'yarsu ta fari, suna addu'a tare kowace safiya, amma kowa da lissafinsa a cikinsa.

Wata shekara Ubangiji ya sa wa gonarsu albarka, suka sami dawa dami talatin. Suka fitar da zakka, suka jera sauran zangarniyar a rumbu har ta kusa kai baki. Duk wanda ya leƙa ya san wannan hatsi zai kai su wata kaka, har ya yi saura. A gidan kuwa al'ada ce maigida kaɗai yake hawa rumbu, shi yake fito wa uwargida da awo. Kafin ya rufe, sai ya ɗauki gawayi ya ja layi a jikin bango daga ciki, daidai inda dawar ta tsaya. Bai gaya wa kowa ba.

Ba a daɗe ba aka yi rasuwa a garin kawunsa, ya tafi ya yi mako uku. Da ya dawo, ko ruwa bai gama sha ba ya jingina tsani ya hau rumbu. Sai ga dawa ta sauka ƙasa da layin da taƙi guda, ga shi ba a fara ci daga rumbun ba, masara suke ci tukuna. Ya sauko. Ran Lahadi kuma ya ga matarsa ta ɗaura sabon zane za ta majami'a. Ya dubi zanen, ya dubi rumbun, ya ce a ransa, “To, ga inda dawata ta tafi.” Zanen nan kuwa da kuɗin daddawarta ta saya, wata biyar tana tarawa. Tambaya ɗaya da ta kashe maganar. Bai yi ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar kasuwa, da ta tafi sayar da daddawa, sai ya ɗora wa jaki dami huɗu ya kai tsohuwar bukkarsa ta gonar nesa. Ya jibge su a ƙasa, ya rufe da ciyawa, ya toshe ƙofa da ƙaya, ya dawo yana jin ya yi dabara.

Matar ta dawo da yamma ta ga ƙwayoyin dawa a zube daga gindin rumbu har ƙofar gida, ga sawun jaki, ga kaji suna ta tsinta. Ta tsaya tana kallo. Ta tuna mijinta yana da wani ƙane a birni wanda kullum hannunsa a miƙe yake. Ta ce a ranta, “Wato abincin 'ya'yana ake kwasa ana sayarwa a aika wa ƙato. In na zuba ido, da damina za mu ci ƙasa.” Daga ranar, duk awon da ya ba ta, in ta sussuka sai ta ɗebi tafi biyu ta zuba a wata tsohuwar randa da ta binne a bayan ɗakinta, ta rufe da faifai, ta tura ƙasa a kai.

Tuwo ya fara ƙanƙancewa a akushi. Maigida ya ga awon bai canza ba amma tuwo ya ragu, zarginsa ya tabbata, ya ƙara kai dami huɗu bukka. Ita kuma ta sake ganin sawun jaki, ta mai da tafi biyu ya zama uku. Haka suka yi ta yi har rani ya wuce. Gaisuwarsu ba ta canza ba. “Ka dawo lafiya, Baban Keziya?” “Lafiya lau, sannu da gida.” Amma in ta shiga ɗaki yana bin ƙugunta da ido, in ya fita tana leƙa turken jaki. Yara suka fara lashe kwano suna kallon tukunya. Iya kuwa sai ta riƙa cewa ba ta jin yunwa, tana tura nata gaban jikoki.

Damina ta sauka, aka yi shuka, ruwa ya yi ta zuba. Dawar gona ba ta wuce gwiwa ba, sai wata safiya mutumin ya hau rumbu, ya miƙa hannu ya taɓo daɓe. Sauran wata uku kafin sabon hatsi.

Ya sauko yana huci, ya ce, “Maman Keziya, yau dai sai kin gaya mini inda kike kai dawar gidan nan.”

Ta ajiye muciya ta ce, “Ni za ka tambaya? Tambayi jakinka, shi ya san hanya.”

“Tun ina wajen makoki kika fara. Na ja layi, na dawo na tarar ta sauka. Da me kika sayi zanen nan?”

“Da gumina na saya! Kai da me ƙanenka yake cin shinkafa a birni?”

Da maganar ta yi zafi, sai ya yi dariyar mugunta ya ce, “Ai na riga ki. Ba don na ɓoye dami goma sha biyu ba, da yau kin kashe mu da yunwa. Zo ki gani.” Ta bi shi har gonar nesa. Ya janye ƙaya, ya yaye ciyawa. Jinkar bukkar ta daɗe tana yoyo. Gara ta hau dawar ta gina gidanta a kai, ɓeraye sun cinye abin da ta bari. Ya cusa hannu ya ɗebo, sai jar ƙasa da ƙaiƙayi.

Matar ta dafa ƙirji ta ce, “Wayyo Allah! Ashe ba sayarwa kake yi ba?” Can ta ce, “Kada ka damu, ni ma na ajiye.” Suka dawo gida da sauri, ta tone bayan ɗaki, ta ɗaga faifai. Wari ya buge su. Ruwan da yake zuba daga indararo ya shiga randar, dawar ta tsiro ta ruɓe, fumfuna ta rufe ta baƙi ƙirin. Ko kaji ba su kula ta ba.

Suka zauna a ƙasa su biyu. Iya ta dogara sandarta ta fito, ta sa aka ba ta labari daga farko. Da ɗanta ya kai kan layin gawayi, sai ta ce, “Tsaya. Yaushe ka ja layin?”

“Ranar da muka zuba, Iya.”

“Kai da aka haife ka a gona? Sabuwar zangarniya in ta sha iska ai bushewa take ƙara yi, ta kwanta, ta danne juna. Kowace shekara sai ta sauka taƙi guda ko fiye, ko ba a taɓa ta ba. Ubanka ya koya maka wannan tun kana yaro.”

Ya sani kuwa, zargi ne ya mantar da shi. Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi, ya kasa duban matarsa. A wannan damina mata da miji ƙwadago suka yi ta yi a gonakin mutane don su sami mudun masara, tasu gonar ciyawa ta cinye rabinta. Aka sayar da jakin, aka sayar da zanen.

Ma'anar wannan misali ita ce, rumbun nan shi ne abin da Allah yake sawa a hannunmu, ko albashi ne, ko ribar kasuwa, ko amfanin gona. Layin gawayi shi ne lissafin da mutum yake yi shi kaɗai a ɓoye, yana jiran ya kama ɗan'uwansa da laifi. Saukar da dawa ta yi da kanta kuwa, ita ce tsadar kaya da ƙananan hidimomin da ba a gani. Kuɗin cefanen da ya isa bara, bana ba ya isa. Gishiri, sabulu, kuɗin niƙa, maganin zazzaɓi, ba wanda ya saci kome, amma kuɗi ya sauka. Maigidan da bai taɓa taka kasuwa ba sai ya ce matarsa tana yanka. Matar da ba ta san albashin mijinta ba sai ta ce yana da wata hidima a waje.

Bukka da randa su ne wuraren ɓuyarmu. Na san akwai maza a nan waɗanda in saƙon banki ya shigo waya, kafin su kai gida sun goge shi. Akwai mata masu zubin adashi uku, maigida bai san ko ɗaya ba. Na ga wasu sun fara kallon ƙasa, ku ɗago, ban kira sunan kowa ba.

Kada wani ya fita ya ce malami ya hana ajiya. Ajiya abu ne mai kyau, gidan da ba ya ajiya yana wasa da yunwa. Mutumin nan da matarsa duka don yaran suka ɓoye, kuma wannan ne ya fi ba ni baƙin ciki. Da sun yi shawara, da ta ce masa bukkar nan tana yoyo, da ya ce mata hatsi ba ya zama a ƙarƙashin indararo. Abin da aka ɓoye ba shi da mai duba shi sai mutum ɗaya. In mai adashi ta gudu, matar ba ta da bakin kuka a gida. In maigida ya faɗi rashin lafiya, kuɗinsa yana can inda ba wanda ya sani, iyali suna yawon neman taimako.

Saboda haka in wata ya ƙare, ku shimfiɗa tabarma ɗaya ku zauna ku biyu. Kowa ya faɗi abin da ya samu, ba ragi. Ku fitar da na Ubangiji, ku ware na abinci da na makaranta da na haya, ku ajiye na ranar ciwo a inda ku biyu kuka sani. Abin da ya saura kowa ya riƙe ɗan nasa a sarari, ba sai an ɗaure a bakin zane ba. In kuma ka ga abu ya ragu, buɗe baki ka tambaya tun ranar, kafin ka ɗaura wa jaki kaya. Kun tsaya a gaban ikkilisiya kun yi alkawarin zama ɗaya, har da aljihu a cikin alkawarin.

An ce da maƙwabta suka ga iyalin nan suna ƙwadago, suka zo jaje, suna tambaya, “Ɓarayi ne suka shiga muku?” Iya ta ce, “Ba wanda ya shigo. Mutum biyu ne suka yi ta gadin hatsin, har ya ƙare.”

Ubangiji ya tsare gidajenmu daga irin wannan gadi. Amin.