Muryar Baba a Bakin Reza

Akwai wani saurayi, shi ne ƙarami a gidansu, kowa na ce masa Auta har ya yi gemu. Da rana yana gyaran rediyo da fanka a wani shago a bakin titi. In ya tashi aiki ba ya tsayawa hira, sai ɗakinsa da ke can baya a gidansu, inda yake haɗa abin da yake kira kiɗa.

Na ce abin da yake kira kiɗa, don ba ganga, ba waƙa, ba abin da mutum zai taka rawa. Tsohuwar rikoda ce mai cin kaset, da makirfo da ya sa wa safa a kai, da wani abin kiɗa na wasan yara da ya farke cikinsa ya fito da wayoyi. Sai ya ɗauki ƙarar ɗigar ruwa a bokiti, ko kukan ƙofar da ta rasa mai. Ya zaro zaren kaset ɗin ya yanka da reza, ya liƙa baki da baki da salatif ya zama zobe, ƙarar ta yi ta zagayawa ba iyaka. In ya danna zaren da yatsa, ƙarar ta yi nauyi ta koma kamar gurnani.

Yaron yana da hannu, wannan ba zan hana shi ba. Amma kansa ya kumbura. Gani yake duk gidan ba mai kunne sai shi.

Babansa kafinta ne, mutum mai barkwanci. Yakan leƙo ɗakin ya ce, "Auta, injin nan lalacewa ya yi, ko haka aka haife shi?"

"Kiɗa ne, Baba."

"To Allah ya ba kiɗan lafiya."

Sai ciwo ya kama Baba a maƙogwaro. Da fari aka ɗauka mura ce. Da aka je asibiti likita bai ɓoye musu ba, ya ce abin ya yi nisa, kuma muryar za ta riga mai ita tafiya.

Baba yana da 'ya mace, yayar Auta, tana aure a gari mai nisa, ga tsohon ciki, an hana ta doguwar tafiya. Kullum tana kira a waya, amma da ta ji yadda muryarsa ta koma sai kuka.

Wata rana da hantsi Baba ya kira Auta ya ce, "Ina da magana da yayarka. A waya ba ta bari in kai ƙarshe, da na fara sai ta fashe da kuka, ni ma in rikice. Ka ɗauke ni a injin nan naka, in ta zo ka ba ta. Ko ba komai, yau dai ya yi aikin kirki."

Inna, mahaifiyarsu, tana gefe tana ninke kaya, ta ce, "Ga waya a hannunka, ka ɗauka yanzu mana tun yana da ƙarfi."

Auta ya yamutsa fuska. "Inna, waya matse murya take yi, ta tsotse ta. Ku bari in samo kaset mai kyau."

"Kai dai ka cika iyayi," in ji Inna.

Aka shiga jiran kaset mai kyau. Da aka samu, ya ce maƙwabta na daka, ƙarar za ta shiga. Washegari ya ce batir ya yi sanyi. Ita kuwa muryar Baba kullum raguwa take, kamar sabulu a ruwa.

Ranar da Inna ta gaji, ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Ko ka ɗauko tarkacen nan yanzu, ko in kira ɗan maƙwabta ya ɗauka da wayarsa." Wannan ce ta tashe shi.

Ya kai kayan aikinsa ɗakin Baba. Ya kashe fanka, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya cire agogon bango ya fitar. Sannan ya dubi Inna ya ce ta ɗan ba su wuri, awarwaronta na ƙara.

"Ni za ka kora daga ɗakin mijina?"

Baba ya yi dariya har ta zame masa tari. "Je ki, uwar gida. Yau mu ma'aikatansa ne."

Inna ta fita tana mita. Auta ya sa abin ji a kunne, ya danna jan maɓalli, ya kafa ido a kan 'yar allurar da ke rawa a gaban rikodar, wadda ke nuna ƙarfin murya. Baba ya yi magana mai tsawo. Ya tsaya ya kurɓi ruwa, ya ci gaba. Wani wuri ya yi murmushi, wani wuri ya share ido da bakin riga. Da ya gama ya jingina da bango, gumi ya jiƙa shi.

"Ka adana," ya ce. "Ba naka ba ne, nata ne."

"To, Baba."

Da ya koma ɗakinsa ya kunna don ya ji ko ta ɗauku. A nan shaiɗan ya samu ƙofa. Ciwon ya sa muryar Baba ta yi wani kaushi, tana karcewa kamar zarto a jiƙaƙƙen katako. Auta bai taɓa kama ƙara irin wannan ba. Tsigar jikinsa ta tashi.

Dama akwai wasu masu irin wannan kiɗa da ya sani ta intanet, sun ce ya aiko da aikinsa su haɗa da nasu su fitar. Ya daɗe yana neman abin da zai girgiza su. Ga shi a hannunsa.

Ya so ya juye maganar a wani kaset tukuna, ya yi aiki da juyen. Ya fara, ya saurara, ya ji juyen ya dushe, ga shuuu ta cika shi, kaushin nan da yake so ya ɓace. Ya tsayar. Ya zauna yana juya kaset na asali a hannunsa.

Ku ji tunanin da ya yi. Ɗigar ruwa in ta ɓaci, sake ɗauka yake. Kukan ƙofa in ya yanka ba daidai ba, ƙofar na nan, ya sake turawa. Ya ce a ransa, ai Baba ma yana nan, ga ɗakinsa can. Gobe sai in sake ɗaukarsa, har ma ta fi ta yau kyau.

Ya ɗauki reza.

Ya yanka muryar ubansa gunduwa-gunduwa. Inda kaushin ya fi, ya ajiye. Inda Baba ya ja numfashi, ya ajiye. Wasu ya juya su baya, wasu ya danne da yatsa har suka koma gurnani, ya zuba musu ƙarar abin wasan yaran nan a kai. Sauran zaren da bai yi masa ba, ya share da tsintsiya ya zuba a shara. Aikin ya ci masa kwanaki, ya manta da goben da ya ce.

Da ya aika wa mutanen intanet ɗin ya samu natsuwa, sai ya ɗauki rikoda ya nufi ɗakin Baba.

"Baba, mu sake ɗauka. Ta farko akwai 'yar ƙara a ciki."

Baba ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ba ko harafi. Inna ta ce, "Tun jiya ta ɗauke. Da kana fitowa daga ramin nan naka da ka sani."

Baba ba mai rubutu ba ne, iyakarsa awon katako da fensir. Ya nuna rikodar, ya ɗaga gira, wato ta farko tana nan ko?

Auta ya gyaɗa kai. "Tana nan, Baba."

Baba ya dafa kan Auta, ya lumshe ido, hankalinsa kwance. Bai ƙara sati biyu ba Allah ya karɓi abinsa.

Yaya ba ta samu zuwa ba sai da ta haihu ta yi ƙwari. Ta iso da jariri a baya. Ta yi kukanta ita da Inna, ta sha ruwa, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Ina Auta? Baba ya ce mini ya bar mini magana a wurinsa. Ita nake ta riƙewa a raina duk hanya."

Auta ya ce ta huta tukuna. Ta ce ba ta gaji ba. Ta bi shi har ɗakin baya, Inna na biye. Sai ya kunna mata abin da ya haɗa, ko Allah zai sa ta ji wani abu a ciki.

Gurnani ya cika ɗakin, da wani tsiii mai huda kunne, da numfashi yana shiga yana fita. Jaririn ya firgita ya tsala ihu.

Yaya ta ce, "Kai, injin ya cinye zaren. Kashe, kada ya lalata mini."

"Ba cinyewa ya yi ba, Yaya. Shi ke nan. Ni na yanka."

Ya faɗa musu komai, kansa a ƙasa. Inna ta zauna a kan wata tsohuwar sifika, ta riƙe haɓa. Ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Yaya ta jijjiga jaririn har ya yi shiru. Sannan ta ce a hankali, "To, ya riga ya faru. Amma ai kana ɗakin. Kai ka ji. Zauna ka faɗa mini da bakinka, ko ba duka ba. Me ya ce?"

Auta ya yi ƙoƙarin tunawa. Ya lalubi kansa. Ya tuna inda allura ta haura ja har ya rage ƙarfi. Ya tuna inda muryar ta karce ya ji daɗi. Magana kuwa, ko jimla ɗaya.

"Ban saurara ba, Yaya. Allura nake kallo."

Ta juya wurin Inna. Inna ta girgiza kai. "Ni an fitar da ni."

Auta ya durƙusa ya jawo gwangwanin da yake tara zobban zare. Ya riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tari ne. Wannan numfashi. Wannan rabin kalma ce a juye. Can ya sa wani ɗan ƙarami da bai kai ga taɓawa ba, sai ga muryar Baba tangaram, kamar yana zaune a ɗakin:

"...kada ki bari... kada ki bari... kada ki bari..."

Yaya ta matso har goshinta ya kusa taɓa rikodar. "Kada in bari me, Baba?"

Zoben ya zagayo. "...kada ki bari..."

Auta ya kai hannu zai kashe, ta riƙe hannun. Suka zauna su uku suna ji, har batir ya yi sanyi muryar ta riƙa ja tana nauyi ta tsaya.

Ranar da za ta koma, ta karɓi ɗan zoben ta naɗe a hankici ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta ce masa, "Na yafe maka, Auta, don kai kaɗai gare ni. Amma ka sani, duk abin da na bari ya wuce ni a rayuwa, sai na ce ko shi Baba yake nufi."

Mutanen intanet kuwa sun yi ta aiko masa da yabo. Sun ce ba su taɓa jin murya irin wannan ba, suna tambaya ta wace ce. Har yau bai ba su amsa ba.

Darasi: 'Ya'yana, in babba ya ce zai yi magana, ku ajiye gwanintarku ku buɗe kunne, ku ji abin da yake faɗa. Abin da aka ba ku ajiya ba kayan aikinku ba ne, komai kyansa. Kuma kada ku ce gobe a kan tsoho mara lafiya. Mai uwa ko uba a raye, ya tashi ya je ya zauna kusa da su yau. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan, musamman masu ganin sun fi kowa iyawa a gida.