Taubasai Biyu a Gaban Majalisa

Akwai wani dillalin riɗi a Birnin Kudu da ake kira Alhaji Ubaidullahi. Mutum ne mai baki, ya iya tsara zance. Shi ne shugaban 'yan hatsi a kasuwarsu, kuma duk taron da aka watse ba a miƙa masa lasifika ba, to a wajensa ba a yi taro ba.

Yana da taubashi a Gwaram, Malam Yahuza, ɗan goggonsa Indo da aure ya kai can. Yahuza manomi ne, shi ke jan ragamar manoman riɗi na yankinsu.

Kun dai san wasan taubasai. Ba a fushi, ba a kai ƙara. Ko a gidan suna suka haɗu, ko a tsakiyar kasuwa, sai ka ji Yahuza ya ce, "Ga bawana nan. Zo ka ɗauki takalmina."

Ubaidullahi ya ce, "Baƙauye, wa ya bar ka ka shigo gari yau?"

Sai su tafa, kowa ya yi dariya. A haka suka taso, a haka furfura ta same su. Ubaidullahi yana da abokai da yawa, amma babu wanda yake sakin jiki da shi kamar Yahuza.

To, akwai wani abu da ya daɗe yana ci wa mutanen yankin tuwo a ƙwarya. Manomi zai ɗauko riɗinsa daga Gwaram, ya biya kuɗin shiga a ba shi rasit. In ya iso Birnin Kudu, ya sake biya a kan buhun nan dai. Ba wai wani ne ya cuce shi ba, tsohon tsari ne, kowace ƙaramar hukuma da iyakarta da asusunta. Amma manomi ne yake ji a jikinsa.

Ana nan sai labari ya zo cewa majalisar dokokin jiha za ta gyara dokar kuɗin shiga da bunƙasa kasuwanni. Aka ce kowace ƙaramar hukuma ta kawo buƙatar da ta fi damunta. Sai ƙananan hukumomin biyu suka tara manoma da 'yan kasuwa, aka zauna shawara.

Aka tsaya a kan magana ɗaya. A nemi doka ta yarda da rasit guda tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, a raba abin da aka tara, a ware wani kaso a gyara hanyar kasuwa, a gina sito. Kuma gaskiya ɗaya ce, daga bakin Ubaidullahi wannan shawara ta fara fita.

Da aka zo zaɓen wanda zai yi bayani a Dutse, Ubaidullahi har ya gyara zaman hularsa. Sai wani dattijo ya ce, "Wanda abu ya dama shi ya fi dacewa ya faɗa. A tura manomi. A tura Yahuza."

Kowa ya ce ya yi daidai.

Yahuza ya miƙe yana dariya, ya ce, "Na karɓa. Bawana kuwa sai ya biyo ni da jaka."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ubaidullahi ma ya buɗe haƙora, amma yaƙe ne. Maganar da ya shekara da shekaru yana ji yana ramawa, ranar nan sai ta soke shi. Ya ji kamar da gaske ake yi, kamar duk ɗakin sun yarda shi ɗan ɗaukar jaka ne.

Hassada ta kama shi, ba kaɗan ba. Ya koma gida yana ta saƙa da warwara. Ni na kawo shawara, wani zai sha tafi? Yahuza da ko jawabin ɗaurin aure bai taɓa yi ba?

Abin ya ƙara tsananta ranar da aka yi hira da Yahuza a rediyo. Matar Ubaidullahi, Hajiya Fatsuma, tana tankaɗe, ta tsaya ta kasa kunne, ta ce, "Ashe Yahuza ya iya magana haka?"

Ya ce, "Kashe mana rediyon nan, kaina yana ciwo."

Ta dube shi, ta ce, "Alhaji, ɗan'uwanka ne fa. In ya ci nasara, a rumfarka za a fara sauke riɗin."

Ya ce, "Ba ki san siyasa ba."

Ta ce, "Ban san siyasa ba, amma na san ka."

Washegari ya fara bin 'yan kasuwa rumfa rumfa. Ya ce musu in aka yi rasit guda, Gwaram ce za ta kwashe romon, a bar Birnin Kudu da ƙashi. Ya san ba haka ba ne, don shi ya tsara yadda za a raba. Amma mai baki in ya so, sai ya sayar maka da rana a matsayin inuwa. Wasu suka yarda, wasu suka yi shiru don nauyinsa.

Ana gobe za a tafi, Yahuza ya kira shi a waya, ya ce, "Ɗan'uwa, bar batun wasa. Gabana faɗuwa yake. Ka zauna kusa da ni, in na kakare ka ɗora."

Ubaidullahi ya ji zuciyarsa ta ɗan karye. Nan ne fa Allah ya ba shi ƙofar komawa. Amma sai ya ce, "Allah ya kai mu," ya kashe wayar.

A Dutse, zauren ya cika da wakilan ƙananan hukumomi, kowa da tasa buƙatar. Da aka kira Gwaram da Birnin Kudu, Yahuza ya tashi. Bai yi ado a magana ba. Ya faɗi yadda manomi yake kwana a gona, ya faɗi yadda buhu guda yake biya sau biyu kafin ya ga mai saye. 'Yan kwamiti suna gyaɗa kai, wasu suna rubutu. Da ya gama, aka tafa masa.

Wannan tafin shi ya ƙarasa Ubaidullahi. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da gyara. Ba da yawun 'yan kasuwar Birnin Kudu aka yi wannan magana ba. Mu ba mu amince ba."

Yahuza ya juyo ya dube shi yana ɗan murmushi, yana jiran ya ji an ce wasa ne. Bai ji ba.

Shugaban kwamitin ya ajiye alƙalami, ya ce, "To, mu ba za mu sa wa mutane a doka abin da su kansu ba su daidaita a kai ba. Ku koma gida ku sasanta." Ya kira na gaba.

Shi ke nan. Aka yi doka da buƙatun waɗanda suka zo da murya ɗaya, tasu kuwa aka ajiye ta gefe.

Da kaka ta yi, manoman Gwaram suka ce sun gaji. Suka daina ɗauko riɗi zuwa Birnin Kudu. Masu saye daga Kano suka gane, suka riƙa wucewa da motocinsu kai tsaye har can. Rumfar Ubaidullahi ta koma wajen hira, daga baya masu hirar ma suka janye. 'Yan kasuwar da ya zuga su ne suka fara nuna shi da baki. Dama an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Amma duk wannan bai dame shi kamar shirun Yahuza ba. Babu waya, babu saƙo.

Sai aka yi wa Yahuza jika, aka aiko da goron suna. Ubaidullahi ya shirya ya tafi. A hanya yana ta addu'a a ransa, Allah ya sa Yahuza ya zage shi, ya kira shi bawa a gaban jama'a, ya ce masa duk abin da ya ga dama. Ya san in aka yi haka, an wuce wajen.

Yana isa, Yahuza ya miƙe tsaye, ya tare shi da hannu biyu. Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya? Ya iyali?" Ya shimfiɗa masa darduma da kansa, ya kawo masa fura a kwano mai murfi.

Ubaidullahi ya daure, ya ce, "Baƙauye, yau kuma ladabi ka koya?"

Yahuza ya ce, "Haka ne, Alhaji. A sha fura." Ya juya wajen sauran baƙi.

Ubaidullahi ya ajiye kwanon. Ya tashi ya shiga cikin gida wajen Goggo Indo, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Goggo, Yahuza ya daina yi mini wasa."

Tsohuwar ta dube shi. Ta ce, "Ubaidu, ai da wanda ka amince wa ake wasa. Baƙo kuwa girmama shi ake yi."

Ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa. Da zai tafi, Yahuza ya raka shi har bakin mota, ya buɗe masa ƙofa, ya ce, "Mun gode, Alhaji. Allah ya ba da ladan zumunci."

Darasi: Hassada ba ta tsayawa a kan wanda ka yi wa. Tana cin rabonka, ta ci na garinku, ta raba ka da mutumin da ba za ka sami kamarsa ba. In alheri zai zo wa jama'a, kada ka damu da bakin wa zai fito. Kuma ku da kuke zuwa neman wa al'umma haƙƙi, ku daidaita tun daga gida. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai wanda hannunsa ke shirin ɗagawa, ya karanta ya sauke.