Jikan Fara Mai Gudun Rana

An ce wani sarki ne aka yi, baƙi wuluk, mai alfahari da cewa duk zuriyarsa kamanninsu ɗaya. Yana da mata mai suna Yalwa, ita ma baƙa ce, kuma yana sonta ƙwarai. Da Allah ya ba ta haihuwa, sai ga ’ya mace zabiya, fara sol, gashinta kamar gemun masara.

Sarki ya dubi jaririyar, ya dubi hannunsa, ya ce, “Baƙi da baƙa ba sa haifar wannan. Kin ci amanata.” Yalwa ta rantse har muryarta ta dushe, amma sarkin nan, Allah ya gafarta masa, in ya yi fushi kunnuwansa ado ne kawai. Kafin ranar suna ya sa aka mai da ita ƙauyensu da ’yarta a baya.

Shekaru suka shuɗe. Sarki ya hana a ambaci sunanta, amma shi bai iya hana zuciyarsa ba. Sai ya koma kiwon tantabaru, wai don ya rage tunani.

Wata rana yana zaune da wani tsohon masani, Malam Barmo, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana lura da halittu, sai aka kawo labari cewa baƙaƙen tantabarunsa biyu sun ƙyanƙyashe ɗa fari fat. Sarki ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, “Ashe cin amana har a cikin tsuntsaye! A yanka macen.”

Malam Barmo ya ce, “Ya sarki, a dakata da wuƙa har in yi tambaya. Wane baƙo ne yake zaune a gidan mutum tun daga haihuwa har mutuwa, maigida bai san da shi ba, kuma ba ya fitowa sai ya ji sallamar irinsa?”

Sarki ya ce, “Aljani.” Malam ya girgiza kai. Ya ce, “To, ajali.” Malam ya ce, “Ajali ba ya jiran sallama, ranka ya daɗe.” Sarki ya ce, “Na ba ka gari.”

Malam ya ce, “Kowane ɗa gado biyu yake ci tun yana ciki, rabi daga uba, rabi daga uwa. A cikin gadon akwai mai ƙarfi da yake bayyana a jiki, akwai mai kunya da yake laɓewa a bayansa. Mai kunyar nan ba ya mutuwa. Kaka ya ba ɗa, ɗa ya ba jika, ba wanda ya gan shi. Ranar da uba ya kawo nasa, uwa ma ta kawo irinsa, ranar yake fitowa fili. Farin tantabarar nan ba daga uwa kaɗai ya zo ba. In za a yanka, sai a haɗa da uban.”

Sarki ya gane ba zancen tsuntsaye ake yi ba. Ya daure ya ce, “Wannan a tantabaru ne. Gidanmu ba a taɓa yin zabiya ba.”

Malam ya ce, “Ya sarki, da wane kirari aka tashe ka yau da safe?”

Sarki ya ce, “Wanda aka saba. Jikan Fara mai gudun rana.”

“Wace ce Fara? Me rana ta yi mata?”

Sarki ya ce, “Kakar mahaifina ce. Fara, don farar zuciyarta. Gudun rana kuwa, don tsananin kullenta.” Yana faɗa yana jin maganar tana yi masa sanyi a baki. Ya sa aka kira Sankira, tsohon shugaban maroƙansa, ya tambaye shi gaskiyar kirarin.

Sankira ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ja zamaninka, zabiya ce. Rana na ƙona mata fata, shi ya sa aka gina mata soro mai duhu. Mijinta ya so ta har ya sa ta a kirari.”

“Ka sani, ka yi shiru ranar da na kori Yalwa?”

“Ranka ya daɗe, ranar wa ya isa ya yi tari? Ni dai kullum ina faɗa maka da ƙarfi a ƙofar fada.”

Abin tausayi, mutum ya yi shekara da shekaru ana kwarara masa shaidar matarsa kowace safiya, yana kaɗa kai don jin daɗi.

Sarki ya hau doki ya nufi ƙauyen su Yalwa, yana shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. Da isarsa aka nuna masa kabarinta, ciyawa har ta rufe shi. Aka kai shi gona, ya tarar da ’yarsa Kyauta ta zama budurwa, tana noma da tsakar rana, idanunta a ƙanƙance, wuyanta da hannuwanta duk gyambo. Ya karɓe laimar sarauta daga hannun mai riƙe ta, ya ɗaga mata da kansa, hawaye na bin gemunsa.

Kyauta ta ɗaga kai ta dubi laimar, ta ce, “Baba, Inna ta ce za ka zo. Kullum in ta ji motsin doki sai ta fita ta duba, har ƙafafunta suka daina ɗaukarta.”

Sarki ya komo da ’yarsa, ya sa aka share mata soron Fara. Daga ranar bai ƙara yanke hukunci yana cikin fushi ba, kuma duk alƙalin da zai naɗa sai ya ce masa, “Kafin ka tuhumi jinin wani, tambayi naka. Na kai adalci ƙauyen su Yalwa, amma na tarar an riga an binne mai shi.”