Injin Ashraf da Ƙwan Zabin Inna Maimuna

Akwai wani matashi a Ƙofar Kaura mai suna Ashraf. Allah Ya ba shi kaifin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya san an ba shi, to nan matsalar take. Irin samarin nan ne da kafin ka rufe baki sun ce maka sun sani.

Ya shiga wata cibiyar koyon kwamfuta a Kambarawa, inda wani Malam Sada ke koyar da yaren C, wato yaren da ake rubuta wa na'ura umarni da shi.

A darasin farko Malam Sada ya ce, "Abin da ake kira variable mazubi ne da kake ajiye bayani a ciki. Kafin ka zuba komai sai ka gaya wa na'ura irin mazubin. Int na cikakkiyar lamba ne, kamar biyar ko goma. Float na lamba mai ɗigo ne, kamar biyar da rabi. Char kuma na harafi ɗaya ne."

Ashraf ya yi hamma ya ɗaga hannu. "Malam, don Allah yaushe za a fara ainihin karatun? Wannan ai na 'yan firamare ne."

Aka yi dariya. Daga ranar bai sake leƙa ajin ba sai da aka wuce wannan babi. Yana gida yana kwafo umarnin wasu daga waya, yana haɗawa, yana jin kansa injiniya.

Ana cikin damina sai kakarsa, Inna Maimuna, ta dawo gidansu da zama. Rashin tsaro ne ya taso su daga ƙauye. Dabbobi sun salwanta, zabinta sun watse a daji. Abin da ta iya rungumowa kawai ƙwarya ce rufe da faifai, cike da ƙwan zabi da aka jera cikin ƙaiƙayi. Asalin zabin nan na mahaifiyarta ne, irinsu bai taɓa yankewa a hannunta ba tun tana amarya.

Masu kiwo sun san zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwan ta kwanta. Inna har ta samu maƙwabciya mai kazar da ta fara kwanci, maƙwabciyar kuma ta yarda za ta ba ta aro.

Sai ga Ashraf da tsohon firiji. Ya sa masa fitila mai zafi, da ma'aunin zafi, da batir na sola, da wata 'yar na'ura da ya rubuta wa umarni. Ya ce injin ƙyanƙyasa ne.

Inna ta zagaya firijin tana kallo. Da yake jika ne, da maigida take kiransa.

"Maigida, wanga abu naka ya taɓa hiddo ko ɗan tsako guda?"

"Haba Inna, kaza fa tashi take ta tafi kiwo. Nawa ba ya tashi."

"Su ke nan gare ni. In sunka lalace, babu sauran abin da ni zo da shi daga gida."

"Ki bar mani komai. Ko ɗaya ba zai yi ciwon kai ba."

Ta dube shi, sannan ta miƙa masa ƙwaryar. Ba injin ta yarda da shi ba, jikanta ta yarda da shi, kuma wannan ne ya fi ba ni tausayi a labarin.

Ashraf ya ɗauki hoton injin ya kai wa Malam Sada, ba don neman shawara ba, don a yaba.

Malam Sada ya ce, "Madalla, ka yi ƙoƙari. Amma rai za ka sa a ciki. Kawo abin da ka rubuta mu duba tare."

"Ba sai an duba ba, Malam. Yana aiki."

Kullum Inna takan jawo tabarma ta zauna kusa da firijin, tana jan carbi. 'Yar fuskar injin tana nuna zafin ciki, talatin da takwas. Wani lokaci takan gifta talatin da tara ta dawo, Ashraf ya ce wannan ba komai ba ne.

Lokacin ƙyanƙyasa ya zo, shiru. Aka ƙara kwanaki, shiru. Inna ta daina tambaya, ta koma kara ƙwan a kunne ɗaya bayan ɗaya. Da wari ya fara tashi sai Ashraf ya fasa guda a bayan ɗaki. Ɗan zabo ne a ciki, ya yi baki ya yi ƙafafu, a mace. Ya fasa na biyu, haka.

Ya ɗauki kwamfutarsa ya nufi Kambarawa, wannan karon ba don a yaba ba.

Malam Sada bai yi nisa da karatu ba ya tsaya, ya ɗora yatsa kan layi ɗaya.

"Ka ga nan? Ka ajiye zafi a cikin int."

"To ai lamba ce, Malam."

"Lamba ce mai ɗigo. Int ba ya riƙe abin da ke bayan ɗigo, zubarwa yake. Ka ce fitila ta mutu in zafi ya wuce talatin da takwas. To ko da ya kai talatin da takwas da ɗigo tara, na'urarka talatin da takwas take gani. Fitilar ba ta mutuwa sai ya kai talatin da tara cif, da ya ɗan sauka kuma ta sake kamawa. A wannan zafin da ya fi ƙarfinsu ƙwan suka zauna tun ranar farko. Da float ka sa, da ba haka ba."

Ashraf ya yi tagumi. "A wane darasi aka yi wannan?"

Malam Sada bai yi masa gori ba. A hankali ya ce, "Washegarin ranar da ka daina zuwa."

Da ya koma gida ya tarar da Inna a kan tabarmarta. Zai iya cewa batir ne, ko ƙwan ne suka girgiza a hanya, kuma da ta yarda. Sai ya durƙusa.

"Inna, ba injin ba ne. Ni ne. An koyar da abin, na raina shi, ban tsaya na koya ba."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Allah bai nuhwa ba, maigida. Tai ka gina rami mai zurhi ka rufe su, kar kyanwa ta tone."

Yana haƙa ramin yana kuka, sai ya ji ta kira maƙwabciya ta kan katanga. Akurkin da ta yi makonni tana saƙa wa 'yan zabin ta miƙa mata.

"Riƙe ki sa kajinki," ta ce. "Ni na gama kiwo."

Darasi: Kada ka raina matakin farko na kowane ilimi, domin abin da ka tsallake don ganin ƙanƙantarsa yana nan yana jiranka, kuma sau da yawa wanda ya yarda da kai ne zai ɗauki asarar. In an ce kawo a duba maka, ka miƙa. Ku tura wa duk wani mai koyo da kuka sani, musamman wanda yake ganin ya riga ya iya.