Ranar da Inna Kuluwa Ta Fita Shan Hantsi

To, ku gyara zama, mai goro ya ɓantaro mini, don labarin nan da goro a cikinsa. Wanda kuma ya ga kamar na ƙara gishiri, jirgi na nan yana tashi kullum, ya hau ya je ya tambaya.

A can ƙasar Kanada, inda sanyi ke daskarar da majina tun ba ta kai leɓe ba, akwai wani mutumin Gumel mai suna Lurwanu. Ya daɗe a can da matarsa Sa'ade da 'ya'yansu. Tare da su akwai ƙanensa Zakiru, autan ɗakinsu, wanda aka kai karatu amma ya fi mai da hankali ga sulu a kan ƙanƙara. Da mahaifinsu ya rasu, Lurwanu ya dage sai an kawo mahaifiyarsu, Inna Kuluwa, ta huta a wurinsu. Da yake biza ba ruwanta da yanayi, sai ta fito a tsakiyar hunturu.

Lurwanu shi ne ɗan farin Inna Kuluwa, ita kuwa mutuniyar da ce. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa amsa masa magana kai tsaye ba. In ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta kawar da kai ta yi gyaran murya, shi ke nan an gaisa. In tana da saƙo, sai ta ce, "A gaya wa wancan gishiri ya yi yawa a maganarsa," ko da kuwa daga ita sai shi sai buta a ɗakin. Lurwanu ya yi furfura a gemu bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba. Ba ya cewa komai, amma abin na nan a ransa.

Tun daga filin jirgi ta ƙi rigar sanyin da suka tarye ta da ita, ta ce ba za a mai da ita buhun gawayi da ranta ba. Tana da gwadon marigayi maigidanta, saƙin hannu, mai nauyi, wanda ya sha hayaƙin murhu har ƙamshin ya zama nasa. Ta ce gwadon da ya kori sanyin Gumel ba zai ji tsoron na Turawa ba. Aka ƙyale ta, tunda a cikin gida take, gidan kuwa da ɗumi.

Haka ta zauna a bakin taga tana kallon wata irin rayuwa. Kafin yara su fita sai an naɗe su kamar ƙullin alala. Lurwanu kullum yana kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida da shebur, kullum tana komowa, har Inna ta ce a gaya wa wancan ya samu gonar da ba a girbi. Sama kuwa a murtuke, ba a gama la'asar ba duhu ya shigo. Abin da ya fi damunta ke nan. Ta ce ranar ƙasar nan ba ta da lafiya.

Sai wata Asabar, bayan an kwana ana zuba dusa, gari ya waye tarwai. Rana ta fito fes, tana walƙiya a kan farin fili har ido ba ya iya kallo. Duk wanda ya zauna a ƙasar ya san wannan rana mayaudariya ce: ranar da sama ta washe, ranar sanyi ya fi yanka. Ba wanda ya gaya wa Inna, don ba wanda ya zaci sai an faɗa.

Zakiru ya kwashi yara suka tafi tudun bayan unguwa da farantin sulu, wato wani dogon farantin roba mai igiya da ake zama a ciki a sulalo. Lurwanu yana ƙofar gida da sheburinsa. Sa'ade tana kicin tana dama koko. Da Lurwanu ya shigo yana karkaɗe takalmi, sai ya ga matarsa tsaye a ƙofar ɗakin Inna da kwano a hannu, ba ta shiga ba, ba ta juyo ba. Ɗakin ba kowa. Suka duba banɗaki, suka duba ɗakin yara, suka leƙa har ƙarƙashin bene. A bakin ƙofar baya suka tarar da takalmin sanyin da aka saya mata, sabo fil, a inda yake tun ranar da ta zo. Silifas ɗinta ne babu.

Lurwanu ya ture takalmin gefe. Ya buɗe ƙofar, iska ta mare shi. Ta riga ta taso, tana kwasar dusa tana shimfiɗawa, ta shafe duk wani sawu kamar ba a taɓa taka wurin ba. Ya buga wa masu agajin gaggawa waya, suka ce suna tafe, sai dai motocin share hanya ba su kai ga unguwar ba tukuna. Ya san abin da sanyin nan yake yi wa ƙato mai riga uku, balle tsohuwa da silifas. Ya tuna shi ya dage aka ɗauko ta daga ɗakinta, inda take zaune lafiya da awakinta. Ya fara tunanin da wane baki zai buga waya Gumel. Ya zabura zai nufi babban titi, don a ganinsa duk wanda ya ɓata can zai dosa.

Sa'ade ce ta riƙe masa hannun riga. Ta ce ya tsaya, Inna ba ɓata ta yi niyyar yi ba. Ta koma ɗakin ta duba abin da babu: babu gwado, babu buzun salla, babu ƙullin goro. Ta dubi taga, ta ga yadda rana ta kwanta a kan fili. Ta ce, "Abban Nusaiba, hantsi ta fita sha." Ta tuna masa yadda tsofaffin gida suke yi da sanyin safiya, a ɗauki buzu a nemi jikin bangon da ya kalli gabas a jingina. Bayan gidansu inuwa ce, saboda haka Inna za ta bi rana ne, titi kuwa yamma yake. Suka yi gabas, suna nitsewa har gwiwa. Lurwanu bai ga komai ba sai fari. Sa'ade kuwa ba ƙasa take kallo ba, gefen hanya take kallo, don ta yi wata guda tana goge bakin tagar Inna, ta san tsohuwa ba ta taku goma ba ta tofar ba. Can a jikin tudun dusar da aka tara a gefe, ga ɗigon ja. Gaba kaɗan, a gindin wata bishiya, ga wani. Jan yawun goro ne, shi kaɗai ne abin da iska ta kasa shafewa. Suka bi shi har ƙarshen gidaje, inda fili ya buɗe. A hayin filin akwai wani ɗan ɗakin ajiya, rana ta haske bangonsa kamar an shafa masa man shanu. A nan jan ya ƙare. Bangon kuwa ba kowa a jikinsa.

Abin da Inna ba ta sani ba, filin nan ba fili ba ne. Kwari ne mai zurfi da rafi a ƙasansa, dusa ta cike shi ta shafe bakinsa sumul. Tsawonsa ya kai a yini ana tono ba a dace ba. Maƙwabta suka fito, Zakiru ya iso a guje da farantinsa bayan ya danƙa yara a hannun wata maƙwabciya. Kowa ya shiga kira. Turawa na kiran sunan da aka gaya musu, suna karya shi gida uku. Sa'ade na kira, Zakiru na kira, iska na kwashe muryoyin. Ba amsa. Lurwanu ya yi ta ƙwala "Inna" har maƙogwaronsa ya fara zafi, yana jin lokaci na tsiyayewa, yatsunsa cikin safar hannu sun daina jin komai, yana ta lissafin nata. Sai wani abu ya faɗo masa. Hayaniyar ta yi yawa, kuma muryarsa ce ta fi ta kowa ƙarfi, ita ce za ta kai ƙasan kwarin. In kuwa tasa ce take ji, to ko Mala'ikan mutuwa na tsaye a kanta ba za ta ce na'am ba. Ya ɗaga hannu ya roƙi kowa ya yi shiru. Ya bi bakin kwarin a hankali, yana tafiya yana durƙusawa, yana cewa da muryar gaisuwar safiya, "Inna, ina kwana." Wani Bature ya dubi Sa'ade da alamar ko mijinta ya zautu. A durƙuso na nawa ne, Allah masani, sai ga wani ɗan sauti daga ƙarƙashin dusa, siriri, gajere. Maƙwabta suka ce reshe ne ya goga da reshe. Zakiru ma ya ce bai ji komai ba. Lurwanu ya ce a nan take. Shekara arba'in da ɗoriya wannan gyaran muryar kaɗai aka ba shi, ya san ta fiye da yadda ya san sunansa.

Sanin wuri daban, fitarwa daban. Lurwanu ya taka zai sauka, bakin kwarin ya tsage a ƙarƙashinsa, dusa ta fara zubawa ciki. Mutum ne mai jiki, tuwon Sa'ade ya karɓe shi. Da ya ƙara taku ɗaya, da shi da kansa zai binne uwarsa. Aka janye shi baya. Sai Zakiru, siriri kamar sillen kara, wanda yayansa ya sha yi wa faɗa a kan ya mai da kansa yaro a tudun sulu. Ya ƙulla igiyoyi ya ɗaure a bishiya, ya kwanta rub da ciki a kan farantin, ya sulala ta gefen da ya san dusa ta fi ƙwari, ya ɓace musu. A ƙasa ya tarar da ita a wani lungu, a duƙunƙune cikin gwado, ƙafa ɗaya ta gurɗe, silifas ɗaya ya tafi. Idonta na lumshewa. Ta ce masa ai yanzu ta ji ɗumi, ya bar ta ta ɗan runtsa. Zakiru ya san baccin nan ba a tashi daga shi. Ya girgiza ta, ta ƙi. Ya roƙe ta ta hau farantin, ta ce ita ba jikarsa ba ce. Sai ya sunkuya daidai kunnenta.

Ya ce, "Inna, kin san jar akuyarki mai ciki, wadda kika bar wa Gwaggo? Ni na sa aka sayar. Da kuɗin na sayi wannan farantin."

Ido ya buɗe tar. Ta ce, "Wace akuyar, ja'iri?"

"Jar. Har da 'ya'yan cikin."

Ta miƙo hannu za ta kama kunnensa, ya kauce ta bi shi, ya mirgina ta cikin farantin ya ɗaure da gwadon gaba ɗaya, ya ja igiya. Aka jawo ta sama tana zaginsa tun daga kan haihuwarsa, kuma ba a taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba a ƙasar Kanada. Daidai nan motar asibiti ta iso.

Likitoci suka ce da an ƙara jimawa kaɗan, da sai dai wani labarin. Yatsun ƙafarta suka yi kamar za su tafi, suka fasa. Da ta dawo hayyacinta, aka rantse mata akuya na nan da ranta, sai ta sa aka shimfiɗa gwadon a kan gadon asibiti. Ta ce tana cikin ramin nan ta yi wa Allah alkawari, duk wanda ya fitar da ita, gwadon Malam nasa ne, da albarkar da ke cikinsa.

Zakiru ya ce ai magana ta ƙare, kowa ya ga wanda ya shiga rami. Sa'ade ta sunkuyar da kai ta ce ita wace ce da za ta shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, sai dai tana faɗa tana ninke gwadon a kan cinyarta, ta kuma ambata, don kada a manta kawai, cewa da an bi ta wasu da yanzu ana can babban titi ana nema. Zakiru ya kawo shawarar a raba shi uku. Inna ta ce duk wanda ya kusanto gwadon nan da almakashi ba ta yafe ba.

Lurwanu yana tsaye a bakin ƙofa. Yana da ta cewa, amma a gabanta bai saba doguwar magana ba. Sai kawai ya yi gyaran murya. Inna Kuluwa ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi, ta ce, "A gaya wa wancan na ji."

Har yau gwadon na rataye a falo, ba wanda ya lulluɓa da shi. Da Sa'ade ba ta karanta hantsi da jan goro ba, da ba a je kwarin ba. Da Lurwanu bai san gyaran muryar uwarsa ba, da an tsaya a kanta ana kira har ta yi bacci. Da Zakiru bai sauka ya sayar da akuyar da bai sayar ba, da gawa za a jawo. To, ku da kuka cinye mini goro, a cikin su ukun nan wa za a miƙa wa gwadon?